Kalmar «robe»: yadda ganimar yaƙi ta koma sunan riga

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ana saura mako biyu salla, ya ji wannan kalma. Mace ta ajiye turmin atamfa bisa tebur, tela ya tambaye ta: riga da zane za a yi, ko rob? A rubuce kalmar «robe» ce, ta Faransanci. Harafinta na ƙarshe ba a furta shi, shi ya sa kunne ke jin «rob», wasu kuma su ƙara mata wasali su ce «robu», don bakin Bahaushe bai cika son kalma ta ƙare da baƙi ba. Abin da ake nufi da ita a shagon shi ne doguwar riga ta mata wadda samanta da ƙasanta ke haɗe, ɗinki guda tun daga kafaɗa har gwiwa ko idon sawu.

Wannan ita ce ma'anar da ta fi yawo a yau, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma ba da ita kalmar ta fara ba. A Faransanci, alƙali namiji da gemunsa yana sa «robe». Doki ma yana da tasa. Idan kuwa aka bi sawun kalmar har tushe, inda za a tsaya shi ne filin yaƙi, wajen rabon kayan da aka tuɓe daga jikin waɗanda aka ci.

Tushenta

Yawancin kalmomin Faransanci daga Latin suka fito, harshen Rumawa. «Robe» ba ta cikinsu. Masana harshe sun haɗu a kan cewa ta fito ne daga wata tsohuwar kalma ta ƙabilun Jamus, «rauba», mai ma'anar ganima, wato abin da aka ƙwace da ƙarfi. Ba a samu wannan siffa a rubuce ba. Gano ta aka yi ta hanyar kwatanta ƴaƴanta da suka rayu. A Jamusancin yau, «Raub» fashi ne, «rauben» yin fashi, «Räuber» kuma ɗan fashi.

Waɗannan ƙabilu sun daɗe suna cuɗanya da daular Rum, wasu a matsayin abokan gaba, wasu a matsayin sojan haya. Da daular ta yamma ta rushe a ƙarni na 5, sai suka kafa sarautunsu bisa ƙasashenta. Ɗaya daga cikinsu, Farankawa, su ne suka ba Faransa sunanta. Harshensu bai ɗore a can ba, harshen mutanen da suka taras ne ya rinjaye shi, amma ya bar kalmomi masu yawa, musamman na yaƙi. Kalmar «guerre» kanta, wadda ke nufin yaƙi, daga irin wannan tushe na Jamus take.

Akwai labarin da ake koya wa yara a makarantun Faransa wanda ke nuna matsayin ganima a wajen waɗannan mutane. A shekarar 486 sarkin Farankawa Clovis ya ci garin Soissons da yaƙi. Cikin kayan da mayaƙansa suka kwasa daga wata majami'a akwai wani babban tulu mai daraja, wanda wani shugaban limaman Kirista ya aiko yana roƙon a mayar. Al'adarsu ita ce a tara ganima wuri guda a raba da ƙuri'a, sarki ma rabonsa kawai yake ɗauka. Clovis ya roƙi mayaƙan su bar masa tulun a kan rabonsa. Kowa ya yarda sai soja guda, wanda ya ɗaga gatari ya sari tulun. Sarki ya haɗiye fushinsa. Bayan shekara, ranar duba makamai, ya iske sojan cikin sahu, ya fizge gatarinsa ya jefar ƙasa, da ya duƙa zai ɗauka sai ya tsaga masa kai. Grégoire na Tours ne ya rubuta labarin, wajen shekara ɗari bayan faruwarsa. Mutanen da ke kashe juna a kan tulu ba za su bar rigar mamaci a fili ba.

Me ya haɗa ganima da tufa?

Mai karatu na yau, wanda ke sayen rigar gwanjo da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, zai yi mamakin yadda tufa ta zama abin da ake yaƙi a kansa. Tsofaffin da suka ga zamanin kaɗi da saƙa ba za su yi wannan mamaki ba. Kamin a samu riga guda sai an noma kaɗa, an gurje, an shiɓe, mata sun yi watanni suna kaɗi da mazari, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri siriri, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tura, mabugi ya buga. Haka abin yake a Turai ta wancan zamani, da ulun tumaki da zaren lilin a madadin kaɗa. Talaka yakan yi shekaru da tufa guda. Ana barin riga cikin wasiyya, ana ba da ita jingina, ana biyan bashi da ita. Ga shi kuma ba ta da nauyi: mayaƙi ba zai iya saɓa gona ko rumbu a kafaɗa ba, amma yana iya naɗe riguna goma ya ɗaure a bayan sirdi.

Ƙasar Hausa ta san wannan daraja ta tufa sarai. Lokacin da matafiyin nan ɗan Jamus Heinrich Barth ya ratsa ta Agadas, Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A Barno kuwa ƙyallen saƙi da ake kira gabaga kuɗi ne da ake ciniki da shi a kasuwa. Wani abin lura: a wannan shekara ta 1851 ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka, ɗaya daga cikin injinan da suka karya farashin tufa a duniya.

Sauyin ma'ana daga «abin da aka ƙwace» zuwa «abin da ake sawa» bai tsaya ga Faransanci ba. A tsohon Ingilishi kalma guda, «reaf», tana nufin ganima kuma tana nufin tufa. A Sifaniyanci «ropa» tufafi ne, «robar» kuma sata. A harshen Fotugal «roupa» da «roubar» haka suke. A Italiyanci «roba» ta faɗaɗa ta zama kaya kowane iri, «rubare» kuma ta tsaya a kan sata. Duka dangi guda ne.

Larabci ma, ko da yake ba shi da dangantaka da waɗannan harsuna, ya bi makamanciyar hanya. Ɗaliban fiƙihu sun san «salab», wato abin da ke jikin abokin gaban da aka kashe a fagen fama: tufafinsa, makaminsa da abin hawansa. Malamai har sun yi saɓani a kansa. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin haƙƙin wanda ya yi kisan ne kai tsaye, Malikiyya kuwa suna ganin sai shugaba ya ba da izini. Akwai kuma «khil'a», rigar girmamawa da halifofi ke ba manyan bayinsu, wadda sunanta ya fito daga aikatau mai ma'anar tuɓewa, don asali sarki kan tuɓe tasa ce ya yafa wa wanda ya yarda da shi. Daga wannan tushe ne hul'i ya samo suna, rabuwar aure da mace ke nema.

Daga rigar kowa zuwa rigar mata

A rubuce-rubucen Faransanci na ƙarni na 12, «robe» tana fitowa da ma'anoni biyun a lokaci guda, ganima da tufa. A hankali ta farkon ta ɓace. Ta biyun kuwa ba ta bambanta mace da namiji ba, kuma ba riga guda take nufi ba. A ƙarni na 13 da na 14, «robe» cikakken kaya ne mai guda uku, huɗu ko fiye: ta ciki, ta bisa, da mayafin da ake yafawa, kusan yadda babbar riga ke tafiya da ƴar ciki da wando. Sarakuna da manyan masu ƙasa sukan raba wa fadawa da barori irin waɗannan kaya a manyan bukukuwan shekara, kamar yadda sarki a Damagaram ko Gobir kan fitar da rigunan salla.

Wajen tsakiyar ƙarni na 14 ne yayin maza ya sauya a Turai. Samarin fada da mayaƙa suka koma gajerun riguna masu kama jiki, ƙafafu a waje cikin matsattsen wando. Doguwar riga ta rage a jikin mata, da kuma mazan da aikinsu ba na hawan doki ba ne: limaman coci, malaman jami'a, likitoci, alƙalai. Tun daga nan kalmar ta rabu gida biyu, kuma har yau a rabe take.

Ta ɓangaren mata, al'ada ta yi ƙarfi har ta shiga doka. Ranar 7 ga Nuwamba 1800 shugaban ƴan sandan birnin Paris ya fitar da umarni cewa duk macen da ke son sa kayan maza sai ta nemi izini a rubuce. An daɗe da daina aiki da shi, amma sai a farkon 2013 gwamnati ta bayyana a hukumance cewa ba shi da sauran ƙarfi. Masu wa'azin Kirista da ƴan mulkin mallaka su ne suka ɗauki «robe» ta mata suka kai ƙasashen da suka shiga. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya har yau sunan doguwar rigar matan ƙasar «robe mission». A Nijar kalmar ta shigo ta makarantar boko da shagunan ɗinki na birane, ta zauna tare da ƴan uwanta irin su «jupe» da «pagne».

Rigar shari'a

Ɓangaren maza ya fi tarihi mai nauyi. A Faransa ta zamanin sarakuna, idan an ce «gens de robe» ana nufin ma'aikatan shari'a baki ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke cewa masu kayan sarki yana nufin soja da ɗan sanda, ko ya ce rawani yana nufin sarauta. Manyan ƙasa kuma kashi biyu ne: «noblesse d'épée», masu takobi, waɗanda suka gaji girma daga kakanni mayaƙa, da «noblesse de robe», masu riga, waɗanda suka samu girma ta kujerar alƙalanci ko ta baitulmali.

Kujerun nan sayen su ake yi. Sarki mai neman kuɗin yaƙi yakan ƙirƙiro muƙami ya sayar wa attajiri. A 1604, zamanin sarki Henri na 4, aka kafa wani haraji da ake kira «paulette», daga sunan Charles Paulet wanda aka ba aikin karɓarsa: mai muƙami ya biya kashi ɗaya cikin 60 na darajar kujerarsa kowace shekara, shi ke nan yana iya barin ta ga magajinsa. Montesquieu, wanda ɗaliban shari'a ke karanta ra'ayinsa kan raba iko tsakanin masu yin doka, masu zartarwa da masu shari'a, shi kansa gadon kujerar alƙalanci ya yi a Bordo daga wani dattijon danginsa a 1716, ya sayar da ita bayan shekara goma. Masu takobi sun raina masu riga, har suka laƙaba musu sunan ba'a, «robin». Abin dariyar shi ne, rigar da suke rainawa sunanta daga sana'ar kakanninsu mayaƙa ya fito.

Juyin juya halin 1789 ya soke sayen muƙamai, a 1790 kuma aka rushe ƙungiyar lauyoyi tare da kayan aikinsu. Ba a daɗe ba Napoliyon ya maido da rigar, da wata doka ta watan Disamba 1802 wadda ta tsara abin da alƙalai da sauran ma'aikatan kotu za su sa. Tsarin da ake gani a yau daga can ya taso: baƙar riga mai faɗin hannu, farin ƙyalle mai ninki a wuya, wani ƙyalle da ke rataye a kafaɗar hagu, da jar riga ga manyan alƙalai a zama na musamman. Shi ne Nijar ta gada, shi ne ake gani a kotunan Yamai da Damagaram, cikin zafin watan Afrilu. A Afirka mai amfani da Faransanci an fi jin ana kiran rigar «toge», kalmar da ta fito daga mayafin Rumawa, amma ita da «robe» abu guda suke nufi a kotu. A ƙarshen 2024 Burkina Faso ta fara sa wa alƙalanta rigunan da aka ɗinka da saƙin gida, Faso Dan Fani, a madadin yadin da ake shigowa da shi daga waje.

Dangin da ba a gane su da fuska

Ma'anar sata ba ta mutu a Faransanci ba, ɓuya ta yi. Aikatau «dérober» har yau sata yake nufi, irin wadda ake yi a ɓoye ba da makami ba. Mai karanta labaran kotu a jarida yana cin karo da shi kullum. «À la dérobée» kuma shi ne yin abu a sace, kamar kallon da ake yi ta wutsiyar ido. Da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada a can, Ingilishi ya ari kalmomin biyu: «robe» ta riga da «rob» ta fashi. Turawan Ingila suna furta su kusan iri ɗaya, yawancinsu ba su san uwa ɗaya ta haife su ba.

Ta ɓangaren tufa, kalmar ta yi ƴaƴan da suka yi nisa da shagon tela. «Enrober» shi ne lulluɓe abu, a sa masa riga. Idan an ga «comprimé enrobé» a kwalin magani, ƙwaya ce da aka yi wa rufi don ta yi sauƙin haɗiya ko don a ɓoye ɗacinta. Idan injiniyan hanya ya ce «enrobé», tsakuwa yake nufi da aka cuɗe da kwalta. «Garde-robe», ma'ajiyar tufafi, ta ƙetara teku da lafazin arewacin Faransa ta zama «wardrobe» a Ingilishi, ita ce kuma «wadrob» ɗin da ake lissafawa cikin kayan ɗakin amarya a Kano da Katsina. Amaryar Maraɗi da aka sayo wa kayan ɗaki daga ƙetaren iyaka tana iya rataye rob cikin wadrob, kalma guda ta iso ɗakinta ta hanyoyi biyu, ɗaya ta Faransa, ɗaya ta Ingila.

Sai «robe» ta dabba. Bafaranshe yana kiran launin gashin doki da wannan suna, kamar dokin riga ya sa. A nan Hausa ba ta buƙatar aro ko kaɗan, don mahaya suna da akawal, kili, danda, hurde da sauransu, kowane launi da sunansa. Haka kuma ana amfani da kalmar ga launin giyar inabi, da ganyen waje da ake naɗe sigar taba da shi.

Inda masu fassara ke tuntuɓe

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, fassara tsakanin harsunan ta ƙara zama aikin yau da kullum a gidajen rediyo, kotuna da ofisoshi. «Robe» tana cikin kalmomin da ke da sauƙi a ido amma suna kayar da mutum.

Matsalar ita ce riga ta fi «robe» faɗi. Riga ta mace ce, ta namiji ce, doguwa ce, gajera ce. Wanda ya fassara babbar riga da «grande robe» ya sa wa dattijo kayan mata a kunnen Bafaranshe. Abin da ake cewa shi ne «grand boubou», kalmar da Faransanci ya ara daga harsunan yammacin Afirka, wasu na danganta ta da Wolof, wasu da Malinke. Idan kuma daga Faransanci ake zuwa Hausa, sai an duba wanda ke saye da ita. A jikin mace doguwar riga ce, «robe de mariée» rigar amarya, a jikin alƙali ko lauya rigar shari'a. «Robe de chambre» rigar shan iska ce ta cikin gida, maza da mata duk suna sawa. Idan jarida ta ce wani ya bar «robe», ba tsirara ya fita ba, aikin shari'a ya ajiye. Hausa ta san irin wannan magana, tun da ana naɗa sarki kuma ana tuɓe shi. Ita ma «investiture» da ake ji ranar rantsar da shugaban ƙasa, asalinta a Latin tufatarwa ne.

Tsakanin Faransanci da Ingilishi ma akwai rami. A Ingilishi «robe» ba ta nufin rigar mata ta yau da kullum. Ta tsaya ga rigar alƙali, ta sarki, ta bikin kammala jami'a, da wadda ake sawa bayan wanka. Matar da ta ce wa telan Kano ya yi mata rob tana iya shan tambayoyi kamin su fahimci juna. Doguwar riga ita ce kalmar da ke aiki a ɓangarorin iyaka biyu.

Akwai kuma kalmomin da suka yi kama da ita a kunne alhali ba su haɗa komai ba. Roba ta bokiti da takalmi daga «rubber» ta Ingilishi take, ita kuma daga aikatau mai nufin gogewa, saboda a 1770 masanin kimiyya Joseph Priestley ya lura cewa ƙaron wannan itace yana goge rubutun fensir. «Robot» daga harshen Cek ta fito, daga kalmar aikin tilas, kuma wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920 ne ya yaɗa ta. «Robinet», kan famfo, daga Robin take, sunan da ake yi wa rago a tsofaffin tatsuniyoyin Faransa, don a da ana ƙera bakin famfo da siffar kan rago. Wadda ta fi ruɗarwa ita ce «tobe», sunan da matafiyan Turai na ƙarni na 19 suka riƙa kiran rigar Hausawa da ta Barebari a littattafansu. Harafi guda ne ya raba ta da «robe», ga shi kuma duka biyun riga suke nufi, amma ita daga «thawb» ta Larabci take, kalmar da har yau matan Sudan ke kiran mayafinsu da ita.